Birni da Baƙinsa: Tarihin Zaɓen Biranen da Ke Karɓar Manyan Wasannin Duniya

Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce a duba wata tambaya wadda galibi ba a yin ta sai bayan an gama shagali an share fage, watau me ke sa a ce birni kaza ya cancanci karɓar baƙuncin manyan wasannin duniya, birni kaza kuma bai cancanta ba. Za a bi tambayar ta hanyar tarihi, musamman tarihin Wasannin Olamfik, domin su ne suka fi ɗora nauyi a kan gari guda. Gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya ƙasa ake bai wa, ita kuma ta rarraba wasannin a garuruwa da dama. Olamfik kuwa, tun da aka farfaɗo da ita a Atina ta ƙasar Girka a 1896, sunan birni take ɗauka, kuma hukumar birnin tana cikin masu sa hannu a yarjejeniya. A zamanin nan ma'anar wannan ita ce 'yan wasa sama da 10,000 daga ƙasashe kimanin 200, tare da alƙalai da 'yan jarida da 'yan kallo, su sauka a gari ɗaya na tsawon mako biyu da 'yan kwanaki, kowannensu yana bukatar makwanci da abinci da abin hawa da likita da tsaro.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Kwamitin Olamfik na Duniya, wanda shi ke zaɓen birni, yana auna cancanta da mudun baƙo: shin za a yi wasannin lafiya, a kan lokaci, a gaban idon duniya? Ɗan gari kuwa, wanda da harajinsa za a yi ginin, mudunsa dabam ne, domin shi zai zauna da filayen da basussukan shekara talatin bayan raɓa ta bushe. Abin da tarihi ya nuna shi ne waɗannan mudu biyu sau da yawa ba sa ba da awo ɗaya.

Farkon lamari

A shekarun farko ba a damu ƙwarai da wannan tambaya ba, saboda wasannin ƙanana ne, har akan jingina su da bikin baje koli. Wasannin 1904 Shikago aka fara bai wa, sa'an nan aka mayar da su Sen Luwis domin su zo daidai da baje kolin duniya da ake yi a can. Garin yana can tsakiyar Amurka, zuwansa daga Turai sai an yi doguwar tafiyar jirgin ruwa, a ɗora da ta jirgin ƙasa. Saboda haka 'yan wasan waje kaɗan suka je, shi kansa Pierre de Coubertin, Bafaranshen da ya farfaɗo da wasannin, bai halarta ba. An yi gudun famfalaki da rana a cikin zafi, bisa hanyar da motoci ke tayar da ƙura, ruwan sha kuma ƙalilan. Mutum 32 suka tashi, 14 suka kai ƙarshe, kuma wanda ya fara shigowa fili, Fred Lorz, daga baya aka gane mota ce ta rage masa hanya mai tsawo. Wasannin 1908 kuma Rum aka bai wa, amma bayan dutsen Besubiyus ya yi aman wuta a 1906, gwamnatin Italiya ta ce kuɗinta na da wata hidima, Landan ta karɓa. Tun a lokacin, ke nan, nisa da yanayi da aljihu sun riga sun nuna kansu.

Meksiko, 1968: iska da siyasa

A 1963 kwamitin ya zauna a Baden-Baden ta Jamus ya zaɓi Birnin Meksiko da ƙuri'a 30 cikin 58, ya bar Ditiroit da Liyon da Buwenos Aires. Wannan shi ne karo na farko da aka kai wasannin Latin Amurka, kuma nan da nan gardama ta tashi a kan abin da babu gwamnatin da za ta iya gyarawa, watau tudun da garin yake a kai. Birnin Meksiko yana bisa mita 2,240 daga doron teku. Domin a kwatanta, Jos tana bisa kimanin mita 1,200, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. A irin wannan tudu nauyin iska yana raguwa, ta yadda numfashi ɗaya yake shigar da oksijin ƙasa da na bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mai gudun da bai wuce daƙiƙa goma ko arba'in ba bai cika jin wannan ba, domin ƙarfin da ke ajiye a tsokarsa yake kashewa, kuma siririyar iska ba ta tare masa ƙirji. Mai dogon gudu kuwa da numfashi yake tafiya, saboda haka shi ne ke shan wuya.

Haka kuwa aka gani. A gajerun tsere da tsalle-tsalle an yi ta karya tarihi. Jim Hines ya gudu mita 100 a daƙiƙa 9.95. Lee Evans ya yi mita 400 a daƙiƙa 43.86, aka shekara 20 ba a kai shi ba. Bob Beamon ya yi dogon tsalle na mita 8.90, ya zarce na gabansa da santimita 55 a tsalle ɗaya, kuma ba a wuce shi ba sai a 1991. A dogon gudu labari ya sha bamban. Ron Clarke na Ostireliya shi ke riƙe da tarihin duniya na mita 10,000 da minti 27 da daƙiƙa 39.4, amma a Meksiko na shida ya zo, ya yanke jiki ya faɗi a bakin layi, sai da aka sa masa oksijin kafin ya farfaɗo. Naftali Temu na Kenya, wanda ya ci tseren, ya yi shi ne a minti 29 da daƙiƙa 27.4, watau kusan minti biyu a bayan abin da Clarke ya saba yi. Kipchoge Keino na Kenya ya ci mita 1,500, Mamo Wolde na Habasha ya ci famfalaki.

A nan ya kamata a yi adalci. Wasu marubutan Turai na lokacin sun so su ce tudu ne kaɗai ya ba mutanen Gabashin Afirka nasara, alhali Abebe Bikila na Habasha ya riga ya ci famfalaki a Rum a 1960 da Tokiyo a 1964, inda babu wani tudu, kuma 'yan Kenya da Habasha sun ci gaba da cin tsere a ko'ina bayan 1968. Iyakar abin da za a ce shi ne wurin ya ƙara wa wasu, ya rage wa wasu, kuma daga nan ne horar da 'yan gudu a kan tuddai ya zama ilmi mai zaman kansa. Gardamar ba ta mutu ba. A 2007 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana buga wasannin ƙasa da ƙasa a sama da mita 2,500, mutanen Bolibiya, waɗanda birninsu La Faz yake bisa kimanin mita 3,600, suka ce an hana su wasa a gidan ubansu, har a 2008 aka jingine dokar.

Sai dai abin da ya fi muni a Meksiko ba a iska yake ba. Ɗaliban jami'a da na sakandare sun yi watanni suna zanga-zanga a kan mulkin danniya, suna kuma sukar kuɗin da ake kashewa a kan wasanni. Gwamnatin Gustavo Diaz Ordaz ta ƙudura cewa baƙi ba za su tarar da hayaniya ba. Ranar 2 ga Oktoba, 1968, kwana goma kafin buɗe wasannin, sojoji da 'yan sandan ciki suka buɗe wuta a kan taro a dandalin Tilatelolko. Gwamnati ta ambaci 'yan gommai na mamata, masu bincike daga baya suka ce ɗaruruwa ne. Shugaban kwamitin, Avery Brundage, ya ce za a yi wasanni kamar yadda aka shirya, kuma ranar 12 ga wata aka buɗe su da sakin tantabaru. Kwamitin ya shekara biyar yana sauraron likitoci a kan numfashin 'yan gudu, amma babu inda takardun cancanta suka tambayi yadda gwamnatin mai masauki take ɗaukar ran 'yan ƙasarta.

Montiriyal, 1976: birnin da ya cika kowane sharaɗi

Idan ana neman misalin da ya fi amfani ga ma'aikacin gwamnati, to Montiriyal ce, domin a bisa takarda babu abin da ta rasa. Gari ne mai arziki a ƙasar Kanada mai arziki, yana da jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1966, kuma a 1967 ya shirya baje kolin duniya wanda aka shiga sau miliyan 50, kowa ya yaba. A Mayun 1970, a Amstadam, ya kara da Mosko da Los Anjelis. A zagayen farko Mosko ce a gaba da ƙuri'a 28, Montiriyal 25, Los Anjelis 17. A zagaye na biyu Montiriyal ta sami 41. Lokacin yaƙin cacar baka ne, kuma da yawa daga cikin masu ƙuri'a sun ga zai fi sauƙi a kauce wa manyan ƙasashen nan biyu a ba na tsakiya. Magajin gari, Jean Drapeau, ya yi alkawarin wasanni masu sauƙin kuɗi, kimanin dalar Kanada miliyan 120, waɗanda za su biya kansu ta hanyar caca ta hukuma da sayar da tsabar kuɗi da kan sarki na tunawa. Shi ne ya ce Olamfik ba za ta yi gibi ba, kamar yadda namiji ba zai haihu ba. Daga baya masu zanen barkwanci a jaridu sun yi ta zana shi da ciki.

Yadda abin ya lalace ya cancanci a bi shi daki-daki. Drapeau ya ɗauko wani masanin zanen gini daga Faransa, Roger Taillibert, ba tare da an yi gasa ba. Taillibert ya zana fili mai ban sha'awa ƙwarai: babbar ƙwarya ta kankare, da hasumiya mai karkata wadda tsawonta zai kai mita 165, daga kanta kuma igiyoyin ƙarfe za su riƙa saukar da rufin tanti su ɗage shi kamar laima. Ginin ya ƙunshi dubban gutattakin kankare da ake zubawa a wani wuri a kawo a harhaɗa, da yawansu kowanne da siffarsa, kuma 'yan kwangilar ƙasar ba su saba da irin wannan aiki ba, balle a cikin hunturun Kanada. An ɓata shekarun farko, ba a kama aikin gadan-gadan ba sai 1974. Ana cikin haka farashin mai ya tashi a 1973, ya ja farashin ƙarfe da siminti. Kisan 'yan wasan Isra'ila 11 a Munik a 1972 ya sa kuɗin tsaro ya ninka abin da aka zata. An ba da kwangiloli da dama ba tare da tanda ba, bisa sharaɗin a biya ɗan kwangila abin da ya kashe a ɗora masa riba, wanda ma'anarsa ita ce gwargwadon ɓarnarsa gwargwadon ribarsa. Ƙungiyoyin ma'aikatan gini kuma suka yi yajin aiki na watanni.

Duk waɗannan suna komawa ga abu guda. Kowane aikin gwamnati ana iya ɗaga ranar buɗe shi, amma ranar buɗe Olamfik ba ta ɗaguwa, kuma ɗan kwangila da lebura da mai sayar da ƙarfe duk sun san haka. Wanda ya san cewa mai saye ba shi da damar juyawa, shi ke yanka farashi. A Nuwamban 1975 gwamnatin lardin Kwibek ta ƙwace aikin daga hannun birnin ta kafa hukuma ta musamman, aka riƙa aiki dare da rana ana biyan kuɗin ƙarin lokaci. Ranar 17 ga Yuli, 1976, Sarauniya Elizabeth ta buɗe wasannin a filin da ba shi da rufi, hasumiyarsa kuma guntuwa.

Wasannin kansu sun yi kyau. A nan ne Nadia Comaneci ta Romaniya, tana da shekara 14, ta sami maki goma cif a wasan alkafura, allon da ba a yi shi don irin wannan lamba ba ya nuna 1.00. Amma ƙasashen Afirka fiye da 20, har da Nijeriya, sun janye 'yan wasansu bayan sun riga sun isa, saboda kwamitin ya ƙi korar Niyu Zilan, wadda 'yan ƙwallon zari-rugarta ke rangadi a Afirka ta Kudu makonni kaɗan bayan kisan ɗalibai a Soweto. Shugaban Majalisar Ƙoli ta Wasannin Afirka a lokacin ɗan Nijeriya ne, Abraham Ordia. Wannan ba laifin Montiriyal ba ne, amma ita ta mayar da kuɗin tikiti ta zauna da kujerun da babu kowa.

Da aka yi lissafi, kuɗin ya kai kimanin dala miliyan 1,500, gibin kuwa ya tasar wa miliyan 1,000. Gwamnatin tarayya ta Pierre Trudeau tun farko ta ce ba ruwanta da gibi. Lardi ya ɗauki kaso mafi girma ya sa haraji na musamman a kan taba sigari, birni ya biya nasa ta harajin gidaje. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Albert Malouf ya ba da rahoto a 1980, ya ɗora babban laifi a kan Drapeau, wanda duk da haka mutanen garin suka sake zaɓa a 1982. Ba a gama hasumiya da rufi ba sai 1987. Rufin ya yi ta yagewa, a 1991 wani ginshiƙin kankare mai nauyin tan 55 ya faɗo, sabon rufin da aka sa kuma ya yage a Janairun 1999 saboda nauyin dusar ƙanƙara. Ƙungiyar besbol da ke haya a filin ta bar garin bayan 2004. A Nuwamban 2006, shekara 30 bayan baƙi sun tafi, aka biya ƙarshen bashin. A 2024 kuma gwamnatin Kwibek ta sanar da za ta kashe dala miliyan 870 a kan wani sabon rufin, tana mai cewa rushe filin zai fi haka tsada, saboda layin jirgin ƙarƙashin ƙasa yana bi ta gindinsa.

Los Anjelis, 1984: ranar da birni ya yanka farashi

Labarin Montiriyal ya tsorata birane. Tun ma kafin a kai ga haka, mutanen jihar Kolorado sun jefa ƙuri'a a Nuwamban 1972 sun hana a kashe kuɗin jiha a kan wasannin hunturu na 1976 da aka riga aka bai wa Denba, dole aka mayar da su Insburuk ta Ostiriya. Da aka zo neman mai karɓar 1984, Tehran ta janye, Los Anjelis ta rage ita kaɗai. Dokar kwamitin ta ce birni ne zai ɗauki alhakin duk wata asara. Magajin gari Tom Bradley ya ce in haka ne sun fasa, kuma a 1978 mutanen garin suka sa wa kundin mulkin birnin gyara wanda ya hana a taɓa baitulmali domin wasannin. Kwamitin, da ya waiwaya bai ga kowa ba, ya haƙura, aka miƙa shirin ga wata hukuma mai zaman kanta a ƙarƙashin wani ɗan kasuwa, Peter Ueberroth.

Ueberroth bai gina babban fili ba. Ya yi amfani da Koliseyum, wanda aka buɗe a 1923 aka kuma yi Olamfik ta 1932 a cikinsa. Ya sauki 'yan wasa a ɗakunan kwanan ɗaliban jami'o'in garin lokacin hutu. Wurin ninƙaya kamfanin McDonald's ya biya, na tseren keke kamfanin 7-Eleven. Gidan talabijin na ABC ya sayi haƙƙin nunawa a Amurka a kan dala miliyan 225. Ko da yake Tarayyar Sobiyat da ƙawayenta sun ƙaurace, an tashi da rarar fiye da dala miliyan 200, aka kafa gidauniyar wasannin yara da wani kaso nata.

Darasin da sauran birane suka ɗauka daga nan shi ne Olamfik tana kawo riba, kuma wannan ganin kitse ne aka yi wa rogo. Los Anjelis ta ci riba ne domin tana da filayen tun da daɗewa, kuma domin babu abokin takarar da kwamitin zai juya gare shi. Da birane suka dawo neman wasannin, shida domin 1992, goma sha ɗaya domin 2004, sai ciniki ya koma hannun mai zaɓe. Kowane ɗan takara ya shiga ƙoƙarin zarce ɗan'uwansa da alkawarin sababbin gine-gine, kuma wanda ya fi kowa alkawari shi ke kan gaba.

Basalona da Atina

Ana yawan kafa hujja da Basalona ta 1992 a kan cewa wasanni suna gyara gari, kuma akwai gaskiya a ciki. Kafin lokacin, layin dogo da tsofaffin masana'antu sun raba garin da bakin tekunsa. Amma tsarin gyaran ya riga neman wasannin, domin hukumar birnin tana da shi tun bayan mutuwar Janar Franco a 1975, abin da ya rage shi ne kuɗi da abin da zai tilasta wa gwamnatin Madrid da ta lardi su haɗa kai. Magajin gari Pasqual Maragall ya sami wannan a Olamfik. Babban filin tsoho ne na 1929 aka sabunta, mafi yawan kuɗin kuma ya tafi ne a kan hanyoyin da suka kewaye gari da magudanan ruwa da filin jirgin sama da unguwar 'yan wasa, wadda aka sayar wa jama'a daga baya. Duk da haka kuɗin gida ya tashi, an kuma tayar da talakawan tsohuwar unguwar.

Atina ta 2004 ta sami wasu daga cikin irin wannan amfani: sabon filin jirgin sama, faɗaɗa jirgin ƙarƙashin ƙasa, hanyar kewaye. Amma ta yi jinkiri irin na Montiriyal har sai da kwamitin ya yi mata gargaɗi a 2000, kuma ta gina wuraren dindindin domin wasannin da Girkawa ba su yi, kamar besbol da tseren kwalekwale a ruwa mai gudu. Gwamnati ta ce an kashe kimanin yuro miliyan 9,000. Shekaru goma bayan nan 'yan jarida suna ɗaukar hoton ciyawa a cikin waɗannan wurare. Ba daidai ba ne a ce Olamfik ce ta jefa Girka cikin rikicin bashi na 2010, domin bashin ƙasar ya ninka wannan adadi sau talatin, amma lalle ta ƙara wa Borno dawaki.

Zafi da talabijin

Akwai wani ma'auni da ya dawo da ƙarfinsa, watau yanayi. Tokiyo ta yi wasannin 1964 a Oktoba domin guje wa zafin bazararta, Meksiko ma a Oktoba ta yi. Da Tokiyo ta sake samu, a Yuli da Agusta aka yi su a 2021, domin a waɗannan watanni ne manyan gidajen talabijin, waɗanda su ke kawo mafi yawan kuɗin kwamitin, ba su da wasu manyan gasanni. A Satumban 2019, a gasar guje-guje ta duniya a Doha, an tashi famfalakin mata da tsakar dare, amma duk da haka mata 28 cikin 68 ba su iya gamawa ba. Makonni kaɗan bayan wannan kwamitin ya ɗauke famfalakin Olamfik daga Tokiyo ya kai Sapporo, kimanin kilomita 800 a arewa, hukumar Tokiyo tana ƙorafi. FIFA ma, bayan ta bai wa Katar kofin duniya a 2010, sai da ta mayar da gasar 2022 zuwa Nuwamba da Disamba.

A waɗannan shekaru ne kuma 'yan gari suka sake ɗaga murya. Cikin masu neman Olamfik ta 2024, Boston da Hambog sun janye a 2015, ta biyun bayan ƙuri'ar raba gardama, Rum ta bi a 2016, Budafes a 2017. Da ya rage saura biyu, kwamitin ya zauna a Lima a Satumban 2017 ya raba: Faris 2024, Los Anjelis 2028.

Ikko da Abuja

Ba a taɓa kawo babbar Olamfik nahiyar Afirka ba. Birnin Kef na Afirka ta Kudu ya kai zagayen kusa da na ƙarshe a neman 2004. Amma Wasannin Afirka sun ba da nasu misalan. Na farko an yi su a Barazabil a 1965. Na biyu Bamako aka bai wa domin 1969, sai sojoji suka hamɓarar da Modibo Keita a Nuwamban 1968, aka mayar da su Ikko, watau Legas, inda aka ɗage su har Janairun 1973 saboda yaƙin basasa da abin da ya biyo bayansa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta sake gina Filin Wasa na Ƙasa a Surulere domin su, ƙasashe 36 suka zo, Nijeriya ta ci zinariyar ƙwallon ƙafa.

Da mudun ɗan gari, Surulere ya biya kuɗinsa. Yana tsakiyar jama'a masu son ƙwallo, a garin da ke da manyan ƙungiyoyi. A shekarar 1973 ɗin aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa a cikinsa, a nan aka riƙa buga wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, a nan Nijeriya ta ci Aljeriya 3-0 ta ɗauki kofin Afirka a 1980, a nan kuma aka yi wasan ƙarshe na 2000. A 1995 FIFA ta ƙwace gasar matasa ta duniya daga Nijeriya bisa dalilin annobar sanƙarau da kwalara ta kai Katar, sa'an nan ta dawo da ita a 1999, aka rarraba a garuruwa takwas, ciki har da Kano da Kaduna da Bauchi, aka ƙare a Surulere.

Domin Wasannin Afirka na takwas, a Oktoban 2003, an gina sabon fili mai kujeru 60,000 a Abuja. Ginin mai kyau ne, Abuja kuma tana da hanyoyi da sarari waɗanda Ikko ba ta da su, gidajen unguwar 'yan wasa ma sun zama mazaunin jama'a. Abin da ta rasa shi ne ƙungiyar da za ta cika filin ranar Asabar ɗin da babu baƙi. Abuja ta nemi Wasannin Kwamanwel na 2014, a Nuwamban 2007 a Kolombo Gilasgo ta rinjaye ta da ƙuri'a 47 da 24. Ciyawar filin ta lalace har sai da Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyara ta daga 2020. Surulere kuwa, tun da hankalin hukuma ya koma Abuja, ƙungiyar ƙasa ta daina wasa a can, harabarsa ta zama wurin tarurruka da mashaya. A Afrilun 2023 iskar ruwan sama ta kayar da ɗaya daga cikin dogayen turakun fitilunsa, Ma'aikatar Wasanni ta ba da umurni a rufe shi.